Yatsun Kawu da Na'urar Banki: Abin da Ya Faru da Wani Lebura a Agege

Rumfata ta POS tana Agege a Ikko, ba nisa da titin jirgin ƙasa. Rabin masu zuwa wurina 'yan uwanmu ne na Arewa: mahauta daga kwatar Oko-Oba, masu gadi, masu tura baro, leburorin gini. Da yawansu ni nake karanta musu saƙon banki idan ya shigo. Na ga matsalar asusu iri-iri a wannan rumfa, amma wadda ta tsaya mini a rai ita ce ta kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi mako bakwai yana hangen kuɗinsa daga nesa saboda na'ura ta ƙi shaida yatsunsa. Zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Duk mai cin abinci da tafin hannunsa a garin nan yana iya wayar gari a matsayin da Kawu ya tsinci kansa.

Kawu ya zo Ikko cirani fiye da shekara talatin da suka wuce, ciranin ya zama zama. Ya fara da dako a kasuwar Mile 12, yana sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa daga motocin da ke zuwa daga Arewa. A lokacin ne ya buɗe asusu, ya kuma yi rajistar BVN a 2015, sa'ad da bankuna suka cika maƙil da mutane don wa'adin ƙarshen Oktoba na shekarar ya matso. Babban Bankin Najeriya ne ya ƙaddamar da tsarin a Fabrairun 2014. Ana ɗaukar zanen yatsu goma da hoton fuska, a ba mutum lamba mai alƙaluma 11, wadda za ta bi shi a kowane banki ya shiga. Manufar ita ce kada mutum ɗaya ya zama mutum biyar a bankuna biyar, kada kuma wani ya ci da sunan wani.

A riƙe wannan, don shi ne tushen maganar: ranar da aka ɗauki yatsun Kawu, ɗan dako ne. Kaya a ka yake ɗauka, bisa gammo. Hannuwansa suna da kanta, amma zanen yatsunsa raɗau yake. Bayan shekara biyu wuya ya fara damunsa, ya bar dako ya koma gidan bulo a hanyar Abule Egba. Tun daga ranar aikinsa shi ne kwaɓa siminti da yashi, cika kwanon sarki, da jigilar bulo zuwa mota da hannu tsura, babu safar hannu.

Shi ba mai son banki ba ne. Kuɗinsa a adashe suke, ko a ajiye wurin wani mai shago ɗan garinsu. Canjin kuɗi na farkon 2023 ne ya tilasta masa kai tsofaffin takardunsa banki, kuma da ya ga ba su ɓata ba sai ya ci gaba da zubawa. Duk Asabar yakan kawo mini abin da ya rage masa in tura. Auren 'yarsa ta uku yake tari: gado, katifa, kwanuka da gara. Lokacin da abin ya faru akwai naira 412,000 a ciki.

An zare masa waya a cikin motar haya ta danfo yana dawowa daga Oshodi. Ƙaramar waya ce mai tocila, wadda ko an sa ta a kasuwa ba za ta yi kuɗin kirki ba. Bai gaya mini ba sai washegari da magariba, shi ma a tsakiyar wata hira.

"Ɗan nan, ai wayar ba ta kai a yi mata kuka ba," in ji shi.

Na ce, "Kawu, ba wayar suke so ba, layin suke so. Tun yaushe?"

"Tun jiya da la'asar."

Nan take na danna lambar gaggawa ta bankinsa daga wayata, na rufe asusun. Wannan rufewar ita ce ta tsare kuɗin, ita ce kuma ta jefa mu cikin abin da ya biyo baya, don asusun da aka rufe saboda sata ba ya buɗuwa sai mai shi ya je da ƙafarsa an tabbatar shi ne.

Ran Litinin muka yi sammako. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu Bayarabiya ce mai fara'a, ta ce masa "Baba, zauna", ni kuma ina fassara. Ta tura masa na'urar, wata 'yar aba kamar akwatin ashana mai gilashi a kai da koren haske a ciki. Kawu ya ɗora babban yatsansa na dama ya danna da ƙarfinsa na lebura. Ta ce ya sassauta. Ya sassauta. Ba ta karɓa ba. Ta goge gilashin da tsumma, ta ce ya shafa yatsan a goshinsa ya ɗebo ɗan maiƙo, dabarar da duk masu wannan aiki suka sani. Ya shafa, ya ɗora. Shiru. Aka koma manuniya, aka koma na tsakiya, aka juya hannun hagu.

A nan ne na kama hannunsa na duba da kyau, abin da ban taɓa yi ba duk zamana da shi. Kan yatsun sumul yake kamar bayan ludayin da ya sha hannu, yana ɗan sheƙi. Layukan nan masu zagaye da kowa ke da su sun shafe, sai tsage-tsage fari-fari da suka ratsa ta tsaye da ta kwance, wasu da busasshen jini a bakinsu. A allon kwamfutar ma'aikaciyar abin da ke fitowa baƙin tabo ne kawai da fararen layuka a giciye. Kawu ya janye hannunsa ya sa a aljihu. Ban manta da wannan janyewar ba.

Ba asiri ba ne, ba kuma lalacewar na'ura ba. Jiƙaƙƙen siminti yana da kaifi irin na soda, yana cin fata a hankali. Bulo kuma kamar dutsen wasa yake ga yatsa. Haɗa su kullum tsawon shekaru, ga tsufa da ke sa fata ta bushe ta saki, sai zanen ya kwanta. Ita kuwa na'urar ba hoton yatsa gaba ɗaya take kwatantawa ba. Tana neman wuraren da layi ya tsaya da wuraren da layi ya rabu biyu, ta auna inda suke da inda suka fuskanta, ta gwada da abin da aka ajiye ranar rajista, sannan ta ba da maki. In makin ya haye iyakar da aka sa, kai ne. In bai haye ba, ba ta san ka ba. A hannun Kawu babu ma wuraren da za ta ƙirga, kuma kowace tsagewa tana yi mata kama da sabon layi. Masu wanki da omo tun safe har dare, kafintoci, makanikai, manoma, da matan da suka sha lalle har kan yatsa, duk sukan haɗu da irin wannan.

Iyakar makin nan ita ce zuciyar al'amarin, kuma mutum ne ke sa ta, ba na'ura ba. In an sassauta ta, masu asusu ba za su wahala ba, amma wata rana za ta karɓi ɓarawo. In an tsananta, ɓarawo ba zai shiga ba, amma za ta riƙa korar masu gaskiya. Banki ya fi tsoron kuskure na farko don shi ke jawo masa asara da shari'a. Kuskure na biyu kuwa wanda aka kora ne ke ɗaukar nauyinsa shi kaɗai, da kuɗin motarsa da yinin aikinsa.

Na ce wa ma'aikaciyar, to ga katinsa, ga takardar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ga fuskarsa. Ta duba, sai ana wata ga wata. Wannan ciwo ne da ya addabi mutanenmu: mutum ɗaya Muhammadu ne a nan, Mohammed a can, Mamman a katin zaɓe. Shi Kawu a BVN sunan mahaifinsa aka sa a ƙarshe, a NIN kuma sunan garinsu, don yaron da ya cika masa takardar ya tambaye shi ne "daga ina?" Ranar haihuwa 1 ga Janairu ce a duka biyun, kamar yawancin waɗanda ba a rubuta haihuwarsu ba, amma shekarun sun saɓa da uku. Ta kai wa shugabanta, ta dawo ta ce ba zai yiwu ba. Yatsa bai karɓa ba, takardu ba su dace ba, asusun kuma an rufe shi ne kan zargin sata. Ba na ganin laifinta. Da wani ne ya zo da waɗannan takardun yana cewa shi ne Kawu, haka nake so ta yi masa.

Muka juya wajen dawo da layi. Tun Disambar 2020, zamanin da Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, gwamnati ta wajabta haɗa kowane layin waya da NIN, kuma a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Saboda haka ba a sake maka layi sai an gwada ka da bayanan da ke wurin NIMC, hukumar da ke ba da NIN. A ofishin kamfanin wayar ma yatsa ya ƙi. Sai dai su suna da ƙofa ta biyu: saurayin ya tsayar da Kawu jikin farin bango, ya ce ya cire hula, ya ɗauki hotonsa. Karo na farko hasken bai isa ba. Ya matsar da shi bakin taga, ya sake ɗauka, aka ga ya dace. Kawu ya yi rajistar NIN ne a 2021, don haka hoton da ke ajiye bai yi nisa da fuskarsa ta yau ba. Cikin mako na biyu layi ya dawo.

Da layin ya dawo ne muka san abin da ɓarayin suka yi a kwana ɗayan da yake hannunsu. Saƙonni suka fara shigowa da Turanci daga wani kamfanin bashi na intanet, suna neman ya biya naira 25,000 da ruwan da ya hau kai. Kawu bai taɓa jin sunansu ba. Hanyar a fili take: mai layi a hannu yana iya danna *565*0# lambar BVN ta fito masa, ko *346# ya ga NIN. Da lambar da layin da za a turo wa lambar tabbatarwa, sai suka buɗe manhajar bashi suka karɓa da sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga baya masu karɓar bashin suka shiga kira, wani har da zagi.

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau, don mutanenmu da yawa suna cewa BVN da NIN ne suka kawo sata. Abin da na gani da idona ba haka ya nuna ba. Inda aka nemi jikin Kawu, ɓarawo bai samu shiga ba: naira 412,000 suna nan ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Inda aka wadatu da lamba kawai, ba a ce a nuna fuska ba, ba a ce a ɗora yatsa ba, nan ya shiga ya ɗauka. Lamba ba yatsa ba ce. Ana iya karanta ta, a kwafe ta, a sayar da ita. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga samari sun kewaye wani a bakin kasuwa yana rubuta lambobinsu yana ɗaukar hotonsu da alkawarin tallafi, ko yana miƙa musu ɗan abin da bai wuce kuɗin abincin rana ba. Lambar sirri ta kati in ta fita ana canza ta cikin minti biyu. Fuska da yatsa kuwa da su aka haife ka, babu inda za ka je a ba ka wasu.

Mafitar yatsun daga wani malamin asibiti ta zo, mai cire kuɗi a wurina. Ya duba hannun ya ce zanen bai mutu ba, tushensa yana can ƙarƙashin fata, kuma muddin rauni bai kai can ba yana sake tsirowa yadda yake tun farko. Fatar sama takan sabunta cikin kamar wata guda, ta dattijo takan ɗan fi haka. Sharaɗi ɗaya ne: ya bar siminti. Ya riƙa shafa man kaɗanya da dare, ya sa hannun cikin safa ya kwana.

Faɗar wannan ya fi yin sa sauƙi. Lebura ranar da bai fita ba, ranar babu tukunya. Kawu ya roƙi wani abokinsa mai gadi a Ogba ya riƙa karɓarsa kwana uku a mako, abin da yake samu bai kai rabin na gidan bulo ba. Daga gida kuma waya ba ta tsaya ba. An riga an sa rana, dangin ango sun fara tambaya, kuma yaya za ka fahimtar da mutanen ƙauye cewa kuɗin suna nan amma yatsa ne ya hana? Wasu suka ɗauka ya cinye ne yana neman hanzari. Aka ɗaga bikin da wata ɗaya. Wani dare muna zaune a bayan rumfa, hannuwansa cikin safa, ya ce da ni, "Ɗan nan, ni da guminna, yau ni ne nake roƙo a yarda cewa ni ne." Ban sami abin da zan ce masa ba.

A tsakanin nan muka yi zirga-zirgar gyaran suna: takardar rantsuwa daga kotu, cike-ciken takardu, jira. Ba zan tsawaita ba, duk wanda ya yi ya san ɗacinta.

A mako na bakwai muka koma bankin. Babban yatsa ya ƙi, manuniya ta ƙi. Da aka zo kan ƙaramin yatsansa na hagu, wanda shi ne mafi ƙarancin taɓa bulo, sai ma'aikaciyar ta ɗaga kai ta yi murmushi. Na kusa da shi ma ya karɓa. Kawu ya ce "Alhamdu lillahi" sau uku a hankali, bai ƙara komai ba. Kafin azahar an buɗe asusun.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Ba na cikin masu cewa a jefar da na'urar nan. Ni mai POS ne, na san yadda 'yan damfara suke, kuma na san da takarda kaɗai ake dubawa da tuni an kwashe mutane da yawa. Abin da ba na yarda da shi shi ne a gina gida mai ƙofa ɗaya, sannan a ce duk wanda bai shiga ta nan ba baƙo ne. An taɓa ganin haka a idon duniya: ranar zaɓen 28 ga Maris 2015, na'urar tantance katin zaɓe ta yi ta gardama da Shugaba Goodluck Jonathan a mazaɓarsa ta Otuoke. Babu wanda ya ce masa ya je ya dawo bayan wata guda. An nemi wata hanya. Na'urar BVAS da hukumar zaɓe ta yi aiki da ita a 2023 da hanya biyu aka yi ta, in yatsa ya ƙi a gwada fuska. A Indiya, inda tsarin Aadhaar ya yi wa mutum fiye da biliyan ɗaya rajista, ana ɗaukar ƙwayar ido tare da yatsu, kuma siminti ba ya cin ƙwayar ido. Abin da aka yi wa Kawu a bakin tagar ofishin waya cikin minti biyar shi ne abin da ya rasa a wancan teburin har mako bakwai.

Fuskar ma ba a sakar mata ragama gaba ɗaya. A Disambar 2019 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar da sakamakon gwajin manhajojin gane fuska 189, ta gano cewa da yawansu sun fi yin kuskuren ɗaukar wani a matsayin wani idan fuskar ta mutanen Afirka ta Yamma ce ko ta Gabas, a wasu lokuta ninki goma har zuwa ɗari idan aka kwatanta da fuskar Turawa. Mu ne mutanen Afirka ta Yamman. Ƙara da kyamara mai arha da ɗaki mai duhu, za ka gane dalilin da ya sa sai da aka kai Kawu bakin taga. Don haka dole a bar wa ɗan Adam wurin zama a cikin tsarin. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa bayanan jiki irin su zanen yatsa cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma ba mutum damar neman ɗan Adam ya duba hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa idan hukuncin ya taɓa rayuwarsa sosai. Da na san wannan a ranar Litinin ɗin farko, da na nemi a rubuta ƙorafinmu a ba mu shaidar karɓa, maimakon mu fito da hannu a aljihu.

A rumfata yanzu duk wanda ya zo nakan tambaye shi ko ya sa wa layinsa lambar kullewa, wadda in an cire shi an sa a wata waya ba zai buɗe ba. Yawancinsu ba su san akwai ta ba, sai in sa musu. Nakan ce su kawo takardunsu mu jera mu ga ko sunayen sun dace tun ba a shiga matsala ba. Leburori kuma nakan ce su nuna mini hannu. Cikin waɗanda na duba, ba Kawu kaɗai ne mai sumul ɗin yatsa ba.

An yi bikin bayan babbar sallah, an kai amarya da kayanta cif. Maganar bashin naira 25,000 ba ta ƙare ba. Mun kai wa kamfanin rahoton 'yan sanda da takardar da ke nuna ranar da aka sake layin, kiran ya ragu amma bai tsaya ba. Kawu ya koma gidan bulo. Na saya masa safar hannu ta roba, ya ce tana sa shi gumi kuma bulo yana zame masa, don haka ba kullum yake sa ta ba. Abin da ba ya fasawa shi ne kowace safiya, kafin ya ɗauki shebur, yakan yagi ƙyalle ya naɗe ƙaramin yatsansa na hagu da na kusa da shi, ya ɗaure da zaren buhu.